Gonar Mai Juji

Akwai wata mata a ƙauyenmu, can bayan Sefwi Wiawso, sunanta Adwubi, amma kowa Mai Juji yake ce mata. In ka kira ta da sunan ma, har "na'am" take amsawa.

Gonar koko ta gada wajen uwarta. Ka shiga gonar nan, ƙafarka nutsewa take cikin ruɓaɓɓen ganye. Ɓawon koko tsibi-tsibi, kututturen ayaba an sassare an bar shi yana ruɓa. Ga wasu mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo, ba su fi kan allura ba. Da kokon gonar take niƙa cakulan a bayan ɗakinta, ta kai tasha ta sayar. Da shi take ci, da shi take sha.

Ran nan Kawu Dankwa, babban danginsu, ya kira ta. A gefensa ga Ntim, ɗan ƙanwar uwarta, wanda gonarsa ko shinkafa ka zubar sai ka tsince ta tas.

Kawu ya ce, "Adwubi, ƙasar dangi ce kika mayar bola. Bayan girbin bana, Ntim zai karɓi gonar."

Ta ce, "Kawu, bolar nan abinci ce. Ƙudajen da kuke zagi, a cikinta suke ƙyanƙyasa. Su ke shiga furen koko, shi ya sa yake ɗaukar ɗa."

Ntim ya kwashe da dariya. "Yaya, yanzu ƙuda ne ungozoma?"

"Ya dai fi ka aiki."

Bayan sati biyu aka yi rasuwa a Kumasi, Adwubi ta tafi kwana huɗu. Ntim ya ce bari ya fara gyara gonar da zai karɓa tun yanzu. Ya share rabin gonar ƙal, ya ƙona ganyen, ya bi da feshi. Kafin ya kai ɗaya rabin sai ga ta ta dawo.

Ba ta yi kuka ba. Gida ta koma ta kwance igiyar shanya, ta zo ta ɗaura daga bishiya zuwa bishiya, daidai inda tsintsiyarsa ta tsaya.

Ta ce, "Nan naka, ka yi ta shara. Nan nawa. Wanda ya ƙetare igiyar nan da tsintsiya, da ita zan raka shi gida. In rabinka ya fi nawa 'ya'ya, ni da kaina zan miƙa maka addata."

Wata shida ana yi mata tsiya a hanyar rafi. Ita kuwa sai ƙara tsibin ɓawo take. Wanda ya yi baƙi da cuta kawai take tsamewa ta binne.

Da girbi ya zo, Kawu ya taho da sandarsa. Rabin Ntim gwanin kyau, ko tabarma ka shimfiɗa ka yi barci. Sai dai bishiyoyin, fure suka yi ya zube, 'ya'ya ɗai-ɗai kamar haƙoran Kawun. Ya ɗaga igiya ya shiga na Adwubi. 'Ya'ya jajaye da rawaya tun daga gindi har sama, suna gogar juna.

Kawu ya tsaya yana kallo. Can wani abu ya cije shi a wuya, ya kai mari.

Adwubi ta ce, "Kawu, a hankali. Ka kashe min ma'aikaci."

Ta ɓallo masa cakulan daga bakin zaninta. Shekara hamsin yana noman koko, bai taɓa sa shi a baki ba. Ya tauna, ya sake miƙo hannu.

Ya ce, "Gona tana wajen mai ita. Ntim, mayar mata da shararta."

Ntim ya sosa ƙeya. "Ai na ƙona, Kawu."

Adwubi ta nuna masa tsibi mafi wari, ta miƙa masa kwando. Ya tambaya ko akwai baro.

"Babu. Kai dai akwai."

Kwana tara yana jigilar juji a ka. Yanzu in aka kira Mai Juji a ƙauyenmu, mutum biyu ke waiwayowa.

Darasi: Kada ka raina aikin da ba ka gane ba don kawai bai yi maka kyan gani ba. In kuma ka san abin da kake yi, ka tsaya a kansa ko duk gari na dariya. Ku tura wa ɗan'uwan nan naku mai son gyara abin da bai lalace ba.