Maɓalli Ɗaya, Minti Ashirin

Akwai wata tela da ake kira Maman Auta, mace mai saurin hannu da saurin baki. Autar tata shekararta huɗu, amma ba ta iya haɗa kalma uku. Sai uwar ta sa ta a wata ƙaramar makarantar yara mai ɗaki biyu, inda yaro ke zaɓar aikin da yake so, malama ta zuba ido.

Cikin wata uku bakin Auta ya fara buɗewa. Uwar ta ce ai lokaci ne ya yi.

Wata rana ta je ɗaukarta da wuri, ta leƙa taga. Ga Auta a tabarma tana fama da maɓallin wata 'yar riga, har da ƙwalla. Malamar, wadda yara ke kira Anti, tana zaune gefe ba ta ko motsa ba.

Maman Auta ta ɗauki bidiyo, sannan ta banko ƙofa.

"Ke! Gadin tabarma aka ɗauke ki?"

"Maman Auta, ita ta zaɓi aikin. Minti ashirin ke nan tana kai, saura kaɗan. In na karɓa..."

"Rufe min baki, malalaciya! Ni da nake ɗinka maɓalli ɗari a yini za ki koya wa maɓalli?"

Ta fizge rigar, ta ɓalla, ta jefa wa Anti a cinya. Kafin yamma bidiyon ya zaga gurub ɗin iyaye. Mai makaranta ya tsorata, ya sallami Anti, ya kawo wata malama mai "ku maimaita bayana".

Sati biyu, Auta ta koma nuni da yatsa. Ko takalmi aka ce ta sa, sai ta miƙo ƙafa ta kau da kai. Aka kai ta wurin likitan yara. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Wa yake jiranta ta gama magana a gidan?"

Nan take Maman Auta ta tuna da zaman Anti a gefen tabarma.

Da ƙyar ta gano makarantar da Anti ta koma. Ta tare ta a bakin get, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, ki yi wa Allah..."

"Au, yau Anti ce? Ina malalaciyar?"

"Don yarinyar."

"Auta ba ta yi min komai ba, ki kawo ta. Amma a gaban iyaye sittin kika zage ni. A gabansu za ki wanke ni, da muryarki, ba rubutu ba."

Nan Maman Auta ta tsaya cikin rana, waya a baki. Sau huɗu tana ɗaukar muryarta tana gogewa. Anti ta harɗe hannu, ba ta taya ta da kalma ko ɗaya ba, har uwar ta tura na biyar a gurub ɗin.

Darasi: Ba duk mai zaune ne malalaci ba, wani jira yake yaro ya iya da kansa. Kafin ka ɗauki bidiyon mutum ka watsa, tambaye shi me yake yi. Ku tura wa iyayen da hannunsu ke riga na 'ya'yansu.