Tokar Banda a Jikin 'Ya'yan Tsuntsun Teku

Dalilin da ya sa ƙananan tsuntsayen teku, masu bin kwalekwalen masunta a Tafkin Chadi, suke da launin ƙasa dabbare-dabbare, ku matso ku ji.

A da, tun daga ƙwai kowa ke fitowa da kayan gidansu, wato launin gashin iyayensa. Mai baƙin baya daban, mai kai ruwan toka daban. Daga nesa za ka ce, wancan ɗan wance ne, kuma ɗan bana ne.

Wata shekara ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya. Wata tsuntsuwa mai suna Tabawa, 'ya'yanta biyu sun kwana uku ba ci, sai ta fizge tarwaɗa daga faratan Gaggafa. Gaggafa bai bi ta ba. Ya ce, "Na san gidanku. Gobe da hantsi zan zo in ɗauki 'ya'yanki na bana."

Tabawa ta ja 'ya'yan zuwa inda masunta ke bandar kifi, ta birkiɗa su cikin toka da taɓo.

Wata tsohuwa cikin masu baƙin baya ta ce, "'Yar nan, kin ma nuna masa su. Su kaɗai ne masu dauɗa."

Tabawa ta fashe da kuka. "To, Inna, yaya zan yi?"

Sai tsohuwar ta tura jikokinta cikin tokar. Sauran iyaye suka bi.

Da hantsi inuwa ta rufe rairayi. Gaggafa ya sauka yana takawa a tsakanin yara, yana leƙa baki, yana ɗaga ƙafa. Ya tsaya daidai kan ƙaramin ɗan Tabawa, har numfashinsa na kaɗa gashin yaron.

"Kai ɗan wa?"

Yaron ya kasa ko motsi. Tabawa ta kau da kai kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Gaggafa ya ce, "Zan jira ruwan sama ya wanke ku." Ya hau bishiya.

Damina ta zo, amma yaran don tsoro suka ƙi buɗe fukafukai, tokar ta kama jiki. Sai da gashi ya riƙa zubewa ɗaya-ɗaya sannan tokar ta fita, wani yaron bayan shekara biyu, wani huɗu. Kafin kayan gidansu su fito, sun fi ƙarfin a sure su.

Shi ya sa har yau masu ɗaukar hoto ke zuba wa hoton ɗan tsuntsun teku ido, suna gardama kan ko ɗan wane gida ne, shekararsa nawa. In kun ga Gaggafa a kan bishiya ya ƙura wa gaɓa ido, shi ma bai gama dubawa ba.