Jawaban Ciyaman a Laburare

Sunan garin ya kuɓuce mini, tsufa ke nan, amma sauran na riƙe.

Ciyaman ya kira Tanimu mai kula da laburaren gari, ya ce, "Zabge rabin kasafinku, amma kada mai karatu ko ɗaya ya ji a jikinsa. In ka kasa, ajiye makulli."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu daina sayen littafin da ba a karantawa?"

"Soke shi!" Ya sa hannu. "Af, wanne ne?"

"Tarin jawabanka, yallaɓai. Kwafi dubu duk shekara, rabin kasafin cif."

Ciyaman ya nemi ruwan sha.

Daga baya na duba rajistar aro da kaina. Sau ɗaya aka taɓa aron littafin. Maigadi ne, ƙafar bencinsa ke rawa.