Sarkin Laka Marar Kunnuwa

An ce wani sarki daga cikin sarakunan da, mai kwarjini da zafin hukunci, yana da 'ya ɗaya tak, sunanta Hasiya, shekarunta bakwai. Wata rana zoben hatiminsa ya ɓace. Aka bincike fada kaf ba a gan shi ba, sai zargi ya faɗa kan Tasalla, baiwar da ke renon yarinyar. Sarki bai bari ta buɗe baki ba. Ya sa aka zura ta cikin wani tsohon rami a bayan gida, ya ce in wata ya cika zobe bai fito ba, a rufe ramin da ƙasa.

Tun daga ranar Hasiya ta daina magana. Ba kuka, ba dariya, wuni take tsaye tana fuskantar bango, in ta ji takun mahaifinta sai jikinta ya sandare. Malamai suka yi rubutu, masu magani suka yi turare, kowa ya ce aljanu ne suka shafe ta. Sarki ya rame.

Sai waziri ya ba shi labarin wani tsoho maginin tukwane, Jatau, wanda yara ba sa rabuwa da ƙofarsa. Aka kira shi, ya zo ɗauke da ƙwaryar laka da 'yan karare. Sarki ya tambaye shi ina maganin yake.

Tsoho ya ce, "Ya sarki, akwai maganar da ta fi ƙarfin bakin yaro, amma ba ta fi ƙarfin hannunsa ba. Ka ba ni kwana bakwai."

Kullum da hantsi sai ya zauna a ɗakinta, ya juya mata baya, ya yi ta gininsa, bai taɓa tambayarta komai ba. Ya gina akuya mai ƙafa uku ya bari. Da ya dawo a rana ta uku, ya tarar da akuyar da ƙafa huɗu.

A rana ta bakwai, da tsakar rana, fada ta yi tsit, tsoho ya kawo sarki bayan labule, ya roƙe shi kada ya ko yi tari. Sarki ya leƙa. Ɗakin cike yake da mutanen laka, idanunsu na tsakuwa, dukkansu sun juyo suna kallon ƙofa. A tsakiya ga wani babba da rawanin tsumma, bakinsa ya tsage har wuya, ba shi da kunne ko ɗaya. Gefe ga fasasshiyar tukunya, da wata mace a ciki. Kusa da ita ga wata 'yar ƙarama, an toshe bakinta da laka.

Sai sarki ya ji wata murya mai kauri ta ce, "A jefa ta rami! Wanda ya ƙara magana ya bi ta!"

Muryarsa ce, babu ko shakka, amma daga maƙogwaron 'yarsa take fitowa, yarinyar tana girgiza babban mutumin lakar nan.

Tsoho ya shiga ɗakin, ya ɗauki wani ɗan mutumin kara, ya siranta murya, ya ce shi baƙo ne a garin nan, ko me wannan ƙaramar ta sani? Hasiya ta dubi ƙaramar. Sai ta sa farce ta kankare lakar da aka toshe mata baki da ita, ta ce a hankali, ƙaramar ce ta ɗauki zobe don ta yi wasan sarauta, ya suɓuce ya faɗa randa. Ta zo za ta faɗa, babban ya yi tsawa. Baƙo ya tambaya me zai faru in ta faɗa yanzu.

Ta ce, "Zai binne ta."

Sarki ya gane aljanin da ake ta yi wa turare ba kowa ba ne, shi ne. Ya tuɓe rawani, ya shiga da rarrafe, ya ɗauki babban mutumin ya sunkuyar da shi gaban ƙaramar, ya ce babban ya yi kuskure, yana roƙo a gaya masa abin da zai yi.

Hasiya ta ajiye laka, ta dubi idon mahaifinta, ta ce da muryarta, "Baba, a fito da Tasalla."

Aka samu zobe a ƙasan randa. Aka jawo Tasalla da igiya, ta ƙanjame, idanunta ba sa iya duban rana. Sarki ya nemi gafararta a gaban fadawa, ya 'yanta ta. Sannan ya tambayi tsoho me zai riƙe daga wannan al'amari.

Tsoho ya tattara kararensa, ya ce, "Ya sarki, hukuncin da ya sa ƙaramin yaro tsoron faɗin gaskiya zalunci ne, ko da a kan mai laifi ya faɗa."