Gyaran Iya Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da yawa da suka wuce, ana ce masa Sallau. Bawan Allah ne, ba malami ba, ba attajiri ba. Sana'arsa kai cefane. Gidan da babu mai zuwa kasuwa sai a kira shi, ya sayo gero da wake da daddawa, ya ɗaure a bayan tsohon kekensa ya kai har ƙofa, a ba shi ɗan ladan kai.

To, ku saurara. Ladan nan ba ya ciyar da gida. Abokan sana'arsa ba da shi suke rayuwa ba, da gyara suke rayuwa. Kun dai san gyara: an auna maka mudu, mai awo ya ƙara ɗan tafin hannu. Sai su zare na gidan nan, su zare na gidan can, kafin la'asar an cika kwano. Shi kuwa Sallau, gyaran kowa ƙulle shi yake daban ya miƙa wa mai shi.

Abokinsa Mati yakan yi masa dariya. "Sallau, kai dai wahalalle ne. Wa ya aike ka sayen gyara? Fara'arka aka gani aka ƙara maka."

"Kuɗin wa mai awo ya gani, Mati? Ai ba nawa ba ne."

Ana nan, damina ta yi tsakiya, hatsi ya yi tsada, aike ya ragu. Kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidan Sallau ba. Ya fara tunanin jingine keken ya bar sana'ar. Ranar nan ya auno wa Iya Tabawa mudun gero, wata tsohuwa mai raunin gani da ke riƙon jikoki marayu uku a can ƙarshen gari. A hanya zuciya ta ce masa, tafin hannu ɗaya ne fa, wa zai sani? Jama'a, mutum ne. Ya zura ƙullin gyaran a aljihu.

Ya yi sallama, ya sauke kaya. Iya ta lalubi kwandon, ta sake lalubawa.

"Ɗan nan, yau mai awon bai yi gyara ba?"



Kafin ya amsa, sai ta yi 'yar dariya. "Ba komai. Mudun na yaran ne, daidai cikinsu yake. Gyaran nan da kake kawowa shi nake damawa in sha. Yau sai in ce ina azumi, ba za su gane ba."

Allahu Akbar! Sallau ya durƙusa. Ya zaro ƙullin, hawaye na zuba. "Iya, an yi gyara. Ni na ɓoye. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana shafa ƙullin. "Shekara nawa kana kawo mini, ba ka taɓa ba. Ashe gidanka ma babu." Ta kwance, ta raba geron nan biyu, ta tura masa rabi. "Ɗauki. Wannan ni na ba ka, halak ne."

Na ga kuna jira in ce ya zama attajiri. Bai zama ba. Amma bai jingine keken ba, domin Iya ba ta rufe baki ba, kuma labarin gaskiyarsa kawai ta bayar, ɓoyon ta rufa masa asiri. Gida ya gaya wa gida, har aike ya fi ƙarfin ƙafarsa.

Yau ga 'ya'yanmu da babura da wayoyi suna kai cefane, kullum tambayarsu ita ce, akwai riba kuwa? Akwai, amma jarin wannan sana'a amana ce. Wanda ya aike ka ba ya ganin awo, kai ne idonsa. Kai direba, kai tela, ke da ake ba ki ajiya, duk da ku nake. Abin da ka raina ka zura a aljihu, wataƙila shi ne abincin wani na yinin nan. Ku mayar wa kowa gyaransa. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.