Dorina da Baƙon Kitse

Dalilin da ya sa dorina ta zama ƙatuwa haka, ga faɗan tsiya, ku matso ku ji, don ba haka ta taso ba.

A da siririya ce kamar barewa. A wancan zamani tsoro ba ya kwana a jikin dabba. In ya shige ta sai ta zura da gudu, ya bi gumi ya fita.

To, Dorina mai wabi ce. Duk ɗan da ta haifa, zaki na gurnani sai ƙafa ta kwashe ta, kafin ta dawo an yi gaba da shi. Da ta haifi na ƙarshe ta sa masa Ajuji, ta rantse ba za ta ƙara gudu ta bar ɗa ba. Amma ina za ta kai tsoron?

Sai ga Kitse, wani ɗan taliki fari sol, yana yawon neman wurin raɓawa.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba ni masauki a ƙarƙashin fatarki. Duk tsoron da ya zo ni zan sauke shi, ke ki tsaya kan ɗanki."

Ta ce, "Bismilla, shigo."

Da fari abin ya yi daɗi. Tsoro na shigowa Kitse zai shimfiɗa masa tabarma ya kwanta. Sai dai Kitse yana da karamci, irin karamcin da ke kashe gida. Barci bai gama ɗaukar baƙo ba zai tashe shi: "Tashi ka ci, ba a kwana da yunwa a gidana."

Tsoro na farkawa gaban Dorina zai faɗi, ba zaki ba dalilinsa, yunwa ta murɗe ta. Ta yi ta ci. Abin da ta ci kuwa Kitse ya ƙara ɗaki da shi, ya sauke wani baƙon.

Ta ce, "Kitse, ka bar shi ya yi barci mana!"

Ya ce, "Haba uwar ɗakina, so kike a ce ni marowaci ne?"

Ranar da zakin ya zo da gaske, Ajuji na wasa a kan tudu, nan kusa da ita. Ya ƙwala ihu, "Inna!" Dorina ta yunƙura, jiki ya ƙi. Ƙafafun da suka sha gudu da ita, yau sun kasa hawa ɗan tudu. Tana ji tana gani aka ja shi cikin ciyawa. Wayyo, ta cika rantsuwarta, ba ta gudu ba, amma me tsayuwar ta tsinana?

Ta ce wa Kitse ya fita. Ya ce ina, gidansa ne yanzu, kuma yana da baƙi.

Shi ya sa har yau dorina take wuni a ruwa, don ruwa kaɗai ke taya ta ɗaukar jikinta. In kuma kun ga ta auka wa kwalekwalen da bai yi mata komai ba, kada ku ce mugunta ce. Kitse ne ya sake tashin baƙonsa cin abinci.