Furar da Ta Ƙi Damuwa

A wani ƙauye kusa da Tafoki an yi wani magidanci mai suna Mati. Ba ya fashin zuwa coci, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa, amma shi da fartanya ba sa ga maciji. Ga shi da gardamar tsiya.

Wata Lahadi a farkon damina, fasto ya yi wa'azi a kan tsuntsaye, waɗanda ba sa noma ba su da rumbu, amma Allah na ciyar da su. Ya ce saboda haka kada mutum ya damu da abin da zai ci. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Mati ya koma gida ya rataye fartanya, ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa.

Baba Nasara, dattijon coci, ya same shi a can ana tsakar noman farko.

"Mati, gonarka ta zama daji. Cewa aka yi kada ka damu, ba a ce kada ka yi aiki ba. Akwai ma inda aka ce wanda ya ƙi aiki kada shi ci."

"Baba, wannan ai shari'a ce," in ji Mati. "Mu yanzu ƙarƙashin alheri muke. Ka taɓa ganin kurciya da galma?"

Fasto da kansa ya zo ya warware masa ayar. Mati ya ce fasto ne bai fahimci wa'azinsa ba. Matarsa Tabita ta yi magana har ta gaji, ta koma ta riƙe 'yar gayaunarta, tana noma tana tunanin abin da yaransu za su ci.

Da kaka ta yi, ɗan abin da ya tsira a gonar Mati tsuntsaye suka sauka suka cinye. Su dai aya ta cika a kansu. Rumbu ya wayi gari ba ko zangarniya.

Ran nan yunwa ta ciwo shi, ya ce a kawo masa fura. Tabita ta ajiye masa ƙwarya. Ya buɗe faifai, sai ga curi guda a zaune cikin ruwa, ko ludayi bai taɓa shi ba.

"Tabita, mi ke nan? Hurar ga ba ta damu ba."

"Maigida, ita ma ta ji wa'azi. An ce kada a damu, ta ƙi damuwa." Ta gyara ɗaurin zane. "Wanga curi shi ne na ƙarshe da za ka samu. Geron gayauna na yara ne, kuma ba zai kai mu bazara ba."

Mati ya buɗe baki zai jawo aya, sai ya hangi ƙaramar 'yarsa tana suɗe ƙwaryar da babu komai a ciki. Kunya ta rufe shi.

Washegari da asuba ya tafi gonar Baba Nasara neman ƙodagon ɗaukar dammuna. Tsohon ya nuna masa kan bishiya, inda tsuntsaye ke kwana.

"Ka makara. Malamanka sun fita kiwo tun ɗazu."

Darasin shi ne, wanda ya buɗe Littafi don neman abin da ransa ke so, zai samu, amma ba zai ƙoshi da shi ba. A karanta aya tare da 'yar'uwarta, a saurari na gaba. Dogara ga Allah na cire damuwa daga zuciya, ba ya cire fartanya daga hannu.